Ƙofar Tashar Jirginmu

Jiya ina wucewa ta wata firamare a Ungogo na ji an buga guntun ƙarfen dogo don tashin yara. Sai na tsaya cak. Irinsa kakana yake bugawa a tashar jirgin ƙauyenmu.

Shi ne mai share tashar, shi ne kuma mai ɗaga wa jirgi tuta. Yakan ce a zamaninsu, lokacin girbi, buhunan gyaɗa sukan kere rufin tashar, mu kuwa 'yan mata masu tallar fura ko kaɗan ba mu gaskata shi. Ƙarshen abin na riska: jirgi sau ɗaya a mako, sannan a wata, sannan shiru. Ma'aikata suka watse. Shi kaɗai bai daina zuwa ba. Kullum da hantsi zai ɗauki tsintsiya ya tafi.

Sannu a hankali mutane suka fara kwashe kwanon rufi da katako. Wata damina ruwa ya karya ƙyauren zaurenmu, sai mahaifina ya je ya ciro ƙofar ofishin tashar, koriya mai nauyi, ya kafa.

Kakana ya dawo ya daɗe yana kallonta.

"Mayar da ita," ya ce. "Amana ce aka bar mini."

"Baba, jirgin nan fa ba zai dawo ba," in ji mahaifina.

Kakana ya juya. Ya zagaya bayan gida, ya buɗa dangar kara, ya shiga ta nan. Shekara huɗu ta nan yake fita masallaci, yana sunkuyawa, kara na kama masa riga. Mu jikoki dariya muke yi masa, har muna kwaikwayon tafiyarsa. Mahaifina kuma ya ƙi saukowa.

Sau ɗaya kakana ya bi ta ƙofar nan, ranar da aka fito da shi a makara. Na ga mahaifina ya riƙe ƙofar da hannu biyu, ya kasa bin mutane.

Yanzu gero ake shukawa har kan layin dogo, awaki ke fakewa a kangon tashar. Duk abin da ya tsira daga cikinta ƙofar nan ce. Na sani da an bar ta can, da tuni an yi girki da ita. Amma mahaifina ya tsufa yanzu, kuma na lura in zai fita, ta bayan gida yake bi.