Gidan da Ya Fi Kowa Tsimin Itace

Shekaru sun goge mini abubuwa da yawa, amma ranar da na ɗaga murfin wata tukunya a wani ƙauye da ke kan hanyar Kafin Hausa, wannan kam har in koma ga Mahaliccina ba za ta bar raina ba.

A lokacin ina koyarwa a Dutse, muna zaune a Yalwawa. Ƙungiyar matan unguwarmu ta naɗa ni sakatariya, ba don na fi kowa hankali ba, sai don ni ce na iya irin Turancin da masu ba da tallafi ke son ji. Na kuwa zage na rubuta musu yadda hamada ke tunkaro mu, yadda matan karkara ke yini a daji neman itace, yadda hayaƙi ke cinye musu idanu. Ni kaina da na sake karantawa sai da na ji tausayinmu. Aka ba mu abin da za mu gina murhun tsimi a gidajen ƙauye guda, da sharaɗin in muka nuna hujjar cewa itace ya ragu, za a ƙara mana mu shiga sauran ƙauyuka.

Murhun ba shi da laifi, gara in faɗi wannan tun yanzu. Na yumɓu ne, a rufe yake ta ko'ina sai ƙofar itace, 'yan ƙirare kaɗan sun isa tuwon gida. In wuta ta kama, hayaƙinsa ko kan danga ba ya kaiwa, kuma yana riƙe garwashi har wayewar gari, ba sai mace ta shiga maƙwabta ɗiban wuta ba. Duk wannan na rubuta shi a rahoto cikin jerin nasarori, har da jan layi a ƙarƙashi.

Saura hujja. Ni na kawo dabarar, kuma na daɗe ina yaba wa kaina. Muka auna wa kowane gida damin itace iri ɗaya da sikeli, muka ce amana ce, ba a sayarwa, ba a bayarwa, bayan kwana goma za mu dawo mu auna abin da ya rage. Wadda ta fi kowa tsimi tana da kyautar babbar tukunyar ƙarfe. Damina ta yi nisa a lokacin, gero ya fitar da kai amma bai nuna ba, rumbuna duk sun yi ƙasa. Ni 'yar albashi, ina ruwana da rumbu? Abin da na lura da shi kawai shi ne hanya ta lalace.

Da muka koma awo, yawancin gidaje sun ci fiye da rabin daminsu. Sai gida ɗaya a bakin gari, na wata mata da mijinta ya rasu bara ya bar ta da yara uku. Daminta yana jingine kamar jiya muka ajiye shi, 'yan ƙirare kawai aka zara. Na dubi sikeli, na dube ta, bakina har kunne.

"Baiwar Allah, yaya kika yi haka?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Lallaɓawa muke yi, Malama."

Na rubuta amsar nan a littafina, na fassara ta da Turanci mai daɗi. Na ce mata ranar Talata babbar baƙuwa za ta zo daga ofishin masu tallafi, a gidanta za a tsaya, ta ɗora tuwo a gani da ido. Ta kau da kai ta ce, "To, Malama." Ni kuwa na ɗauka kunya ce irin ta mutanen ƙauye.

Shekarar ce aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu, ko'ina ka zauna zancen zakka da haƙƙin maƙwabtaka ake yi, ni ma ina cikin masu yi da ƙarfi. Saboda haka ranar Talata maza suka tsaya a gindin dalbejiya tare da mai gari, mu mata muka shiga. Baƙuwar wata Hajiya ce daga Kano, mai gilashi da na'urar ɗaukar hoto a wuya, mai kirki ƙwarai. Matan ƙauye suka cika tsakar gida. A cikinsu akwai ungozomar garin, tsohuwa ce da kowa ke kira Iya, wadda tun farkon aikin ba ta taɓa yabon murhunmu ba, ba ta kuma kushe shi ba.

Matar gidan ta share ko'ina fes, ta yi wa yara wanka. Tukunya na kan murhu a rufe, tana tafasa, babu hayaƙi ko na magani. Na tsaya na zuba jawabi, na nuna damin itace, na nuna bangon da bai yi baƙi ba. Hajiya tana ta gyaɗa kai tana rubutu. Can ta ce, "Masha Allah. Me ake dafa mana?"

Matar ta ce, "Bai yi ba tukuna, Hajiya."

Da na bar zancen a nan, da shi ke nan. Amma rawar kai ba ta bar ni ba. Na ce, "Haba, ai murhun nan ba ya ɓata lokaci," na sa gefen mayafina na ɗaga murfin.

Ruwa ne. Ruwa zalla, yana ta tafasa, har ana ganin gindin tukunya.

Bakin malamar makaranta ba ya rasa amsa. Na ce, "Ruwan tuwo ne, yanzu za a yi talge." Hajiya ta gyara na'urarta ta ce to bari ta jira ta ɗauki hoton tuƙi. Muka tsaya. Matar ta tsuguna tana gyara wutar da ba ta bukatar gyara. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito hannu wofi, ta sake tsugunawa. Ƙaramar 'yarta ta matso ta kama zanenta, idonta a kan tukunya. A nan ne na dubi tsakar gidan da kyau karo na farko: turmi a kife, ƙasansa har ya yi gansakuka, ga 'yar ƙwarya da ragowar tafasasshen ganyen tafasa. Na gane irin lallaɓawar da ake yi a gidan, na kuma gane cewa ni na tara mata gari guda su zo kallo.

Ban ga fitar Iya ba, dawowarta kawai na gani. Ta shigo tana faɗa tun daga zaure, da ƙwarya a rufe da faifai.

"Ke dai ba ki da kai! Kin kawo niƙa gidana kin bar garin a can, sai ni tsohuwa zan biyo ki da shi? Ga kukarki ma da daddawar da kika manta."

Matar ta karɓa. Mata suka yi dariya, irin dariyar da kowa ya san dalilinta, wata ta ɗauko muciya, wata ta hau kaɗa miya. Aka yi talge, aka tuƙa, aka kwashe. Hajiya ta ɗauki hotuna, ta ci loma biyu ta yaba, ta miƙa wa matar kyautarta. Babbar tukunya, wadda za ta ci tuwon mutum ashirin. Aka yi guɗa.

Muna shirin shiga mota Iya ta kama hannuna ta ja ni bayan danga.

"'Yar nan, murhunku yana da kyau, idona ya huta. Amma bari in gaya miki. Da, in la'asar ta yi sanyi, nakan fito ƙofar gida in bi rufin garin nan da kallo. Gidan da ban ga hayaƙi ba, na san abin da ake ciki, sai in tura kwano ba tare da kowa ya buɗe baki ba. Wadda ta shigo ɗiban wuta kuma, a fuskarta nake karanta ko ta ci. Yanzu duk garin babu hayaƙi, ba mai shiga gidan wani. Yarinyar nan ni na yanke mata cibiya, ga gidana ga nata, amma sai yau na sani, a gaban baƙi."

Na ce, "Iya, wallahi ban sani ba."

Ta ce, "Ai ba ki tambaya ba. Itace kika zo aunawa."

An ba mu ƙarin tallafin, har da takardar yabo. Hoton matar nan riƙe da sabuwar tukunya shi aka sa a bangon rahoton, a ƙasa an rubuta cewa ga abin koyi ga matan karkara. Ban da ƙarfin halin da zan gaya wa Hajiya gaskiya, kuma ko da ina da shi, asirin ba nawa ba ne. Abin da na iya kawai, na kai buhun dawa gidan Iya na ce ajiya ce, ita ta san mai ita. Ta karɓa ba ta yi mini godiya ba, kuma ta kyauta.

Mun shiga sauran ƙauyukan mun gina murhu, amma sikelin nan ban sake ɗaukarsa ba. Duk garin da muka je, sai na fara neman tsohuwar da ke kallon rufin mutane, in gaya mata za mu ɗauke mata hayaƙi, ta nemi wata hanyar tun da wuri.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, in sakamako ya yi kyau fiye da kima, kada in yi saurin yin tafi. Kafin in tambayi mace itace nawa ya rage mata, sai na fara tambayar me ta dafa jiya, kuma in tambaya daga ni sai ita.