Bindigar Baba ta Uku

Muna zaune muna jiran fankar da Baba ya yi mana alkawari, sai ga shi ya shigo gidanmu na unguwar Hindawiyya da bindigar farauta ta uku. A shekarun 1970 ne, zafin Jidda kamar zai gasa mutum.

Ummi ta ce, "Ya Abu Musa, duk harsashi iri ɗaya suke ci! Hannu nawa gare ka?"

Ya ce, "Ai amfanin ke nan. Ɗaya tawa, ɗaya ta baƙo, ɗaya ta yayanki. Wanda harsashinsa ya ƙare sai ya karɓi na ɗan'uwansa."

"Yayana da ko kaza ba ya iya yankawa?"

Baba ya ce halas, wato magana ta ƙare, ya rataye abarsa. Shekara goma shi da yayan Ummi suna fita farauta bayan gari, ko zomo ba mu taɓa ci ba.

Wa ya yi irin wannan uban? Ku ba ni labari ko na huce.