Rubutun da ke Bangon Shagon Baba

Har yau in na ji Yaya ya buɗe baki yana koya wa wani yadda ake riƙon dabba, sai zuciyata ta hau tafasa. Mutumin da ko kaza bai taɓa kiwo ba!

Babanmu kafinta ne, shekara arba'in yana shaƙar garin katako a shagon da ke jikin gidanmu. Bayan rasuwar Mama, wani da ya yi wa kujeru ya kawo masa kwikwiyo mai manyan ƙafafu, Baba ya sa masa suna Auta. Kafin shekara ta zagayo Autan nan ya kai ɗan maraƙi. Masu kawo aiki sai su toge a bakin titi suna ƙwala sallama, ba su san ko tsawa aka yi bayan Baba yake ɓuya ba. Abin da ya iya kawai dalalar da yawu, da jingina da mutum har ya nemi kayar da shi. Saboda yawun ne Baba ya ware riga guda ta zaman shago.

Tun farko likitan dabbobi ya ja wa Baba kunne: irin waɗannan manyan karnuka, in suka cika ciki suka yi gudu, cikin yakan murɗe, kuma ba ya jiran kowa. Baba ya ɗauki fensirin aikinsa ya rubuta a bango, saitin kwanon Auta: "Abinci kashi uku. In ya ci ya kwanta awa guda. Ban da gudu." Shekara shida bai saɓa ba.

Da yanar ido ta rufe idanun Baba, Auta ya zama sandarsa. Sai ya dafa wuyansa su taka a hankali daga ɗaki zuwa shago. Mukan tsokane shi cewa Autansa ya fara furfura a baki, shi kuma ya ce sharri muke masa.

Ranar da za a yi masa aikin ido ni na raka shi asibiti. Kafin mu fita ya kira Yaya.

"Ka ga rubutun can? Shi kaɗai na roƙe ka."

"Haba Baba, kare ne fa, ba jariri ba. Ka tafi hankalinka kwance."

A mota Baba ya ce mini, "Uwata, in aka buɗe mini ido, furfurar nan zan fara dubawa."

Washegari Yaya ya ga ba zai iya zirga-zirga sau uku saboda kare ba. Ya juye abincin yini guda a baho, Auta ya cinye tas. Ko baki bai lashe ba Yaya ya ɗaura masa igiya, ya hau babur, ya ja shi a guje zuwa wajen abokansa, wai su ga ƙaton da ke gidansu. Auta bai iya ƙin mutum ba. Ya bi.

Da suka dawo cikinsa ya kumbura tim, yana yunƙurin amai babu abin da ke fita. Yaya ya ce ƙoshi ne, ya tafi harkarsa. Maƙwabciyarmu ce ta kira ni, na kira likitan dabbobi. Kafin ya iso Auta ya ja jiki zuwa ƙarƙashin teburin Baba ya mutu.

Ban taɓa ɗaga wa Yaya murya ba sai ranar.

"Yaya, ba ka iya karatu ba ne?"

"Ke, kwanansa ne ya ƙare."

Kwanansa! Shi ya ƙi jin bari, Auta ya ji hoho, sannan ya jingina wa ƙaddara. Wallahi har yanzu ban huce ba.

Da aka cire wa Baba bandeji muka dawo gida, na riga na faɗa masa mutuwar Auta a hanya. Ya wuce shago shi kaɗai, hannunsa na dama a ɗage kaɗan inda wuyan Auta yake zuwa. Ya tsaya gaban bango ya daɗe, Yaya na bakin ƙofa yana sosa ƙeya.

Can Baba ya juyo ya dube shi da sabon idonsa.

"Ashe rubutun na nan raɗau," ya ce. "Duk hanya ina ta ba ka uzuri, na ɗauka gogewa ya yi."