Maƙerin da Ya Ƙi Yanka Munduwa

Kafin masu yadi na kasuwar Bab Makka a Jidda su buɗe shagunansu, Baba Na'ibi ya riga ya hura gawayi, shayinsa na tafasa a gefen zugazugi. Maƙerin azurfa ne, haihuwar Jidda, jikan alhazan da suka zo da ƙafa daga ƙasar Hausa. Bana ido ya ce ya gaji, zai ajiye awartaki. To ai ba za mu bar shi ya sulale shiru ba!

A tambayi Mastura da ƙanwarta Rabi'atu. A 1961 suka shigo rumfarsa ba mai kallon wata, Mastura ta dangwarar da munduwar azurfa a gabansa. Ta kakarsu ce, 'yar wani sarki a ƙasar Hausa. Ubanta ya sa aka ƙera mata ranar da za ta kama hanyar Makka, tun kafin zuwan Turawa, don ya san ba za su sake ganawa ba. Yanzu Rabi'atu za ta bi mijinta Kano, kowacce ta ce ita za ta riƙe. Magana har ta ɗauke tsakaninsu.

"Baba, yanka ta biyu, halas, magana ta ƙare!" in ji Mastura.

Ya jujjuya ta, ya yi dariya. "'Ya'yana, in na yanka, me za ku ɗaura, ƙusa? Yalla, maza ku zauna ku sha shayi."

Ashe igiyar azurfa biyu aka murɗe wuri guda. Ya gasa ta, ya yi ta warwarewa a hankali, gumi na ɗiga, don in ɗaya ta karye shi ke nan. Kafin la'asar ga munduwa biyu, kowacce da gurbin 'yar'uwarta a jiki. Rabi'atu ce ta fara fashewa da kuka, Mastura ta rungume ta.

Kai ne, Baba Na'ibi, maƙerin da wutarsa ba ta raba zumunci. Wallahi muna alfahari da kai.

Bara Rabi'atu ta zo aikin hajji. Daga tashar jirgi sai rumfarsa, Mastura riƙe da hannunta, kowacce da munduwarta a hannu, suna ta guɗa.

"Baba, ka mayar da su ɗaya mana," in ji Rabi'atu.

"A'a," ya ce. "Ai ga su nan sun haɗu, tunda kun riƙe hannun juna."

Mun gode, Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ku kuma samarin maƙera, in an kawo muku abin gado, ku duba shi da kyau kafin ku ɗauko zarto.