Gwadabe Mai Injin Niƙa da Ƙwayar da Ya Ɓoye

Duk gidan da ya taɓa aika hatsi niƙa a bayan kasuwar Wudil ya san rumfar Gwadabe. Haifaffen Kausani ne, ya shigo gari yana saurayi da niyyar koyon ɗinki, telan ya ce hannunsa ya yi nauyi, sai ya ƙare a gindin inji. Shekara ashirin da takwas ke nan. Ya canza inji uku, bai canza rumfa ba. Mata suna yabonsa saboda yakan wanke inji tsakanin markaɗen tattasai da ƙullun koko, abin da sauran masu inji ba su da lokacinsa. Aibinsa guda ɗaya ne, kuma ni dai aibi nake kiransa: kunya. Mutumin da ko tari ne ya kama shi a masallaci sai ya fita waje ya yi shi, don kada a waiwayo a dube shi.

Wata rana da yamma ya kashe inji, inji ya yi shiru, amma ƙarar ba ta yi shiru ba. Wata siririyar ƙara ce kamar kukan gyare, a cikin kunnen hagu. Ya sa yatsa ya sosa, ya girgiza kai, tana nan daram. Kafin wata uku ta kama kunnen dama. Da rana rugugin inji yakan danne ta, amma da zarar ya kwanta sai ta cika masa kai, ya yi ta juyi har kiran sallar farko. Bai gaya wa kowa ba. Kun san garin namu: mutum ya ce yana jin abin da sauran jama'a ba sa ji, kafin ya rufe baki an kira mai ruƙiyya, an tayar da hayaƙi. Ya ɗiga man zaitun, ya ɗiga man habbatussauda, ya cusa auduga, duk a banza.

Matarsa Indo ce ta gaji da ganin ramarsa da jan idonsa, ta tsare shi sai da ya faɗa mata. Ta ce asibiti, ba fashi. Ka ji mutum, ga asibiti a Wudil, amma ya tsallake shi ya hau mota har Kano, don kada ya haɗu da idon sani a layi.

Likitan ya leƙa kunnuwan, ya gwada jinsa, ya yi masa bayani mai tsawo. Ya ce ƙarar inji ce ta shekara da shekaru ta taɓa jijiyar ji, kuma babu maganin da zai kashe ƙarar gaba ɗaya. Ya ce ya riƙa toshe kunne in zai tayar da inji. Sannan ya rubuta masa wata 'yar mitsitsiyar ƙwaya, ɗaya bayan isha'i. Ya ce asalinta maganin ciwon damuwa ce, amma kaɗan ɗin da zai ba shi don barci ne da rage takurar ƙarar, kuma kada ya kuskura ya daina sha sai ya dawo sun yi magana. Likitan nan wallahi bai ɓoye masa komai ba. Sai dai rabin maganar ƙarar kunne ta cinye, shi kuwa Gwadabe ba zai iya ce wa mai ilimi ya maimaita ba. “To, likita. To, likita,” shi ke nan abin da ya yi ta faɗa har ya fito.

Ƙwaya ta yi aiki. Bakinsa yakan bushe, da safe kansa ya ɗan yi nauyi, amma ya samu barci. Ƙarar tana nan, sai dai ta koma can baya, ta daina hana shi sakat. Ya yi ƙiba, ya koma tsokanar abokan wasansa a bakin rumfa. Wata takwas yana cikin wannan jin daɗi.

Ranar da ƙyuyar zuwa Kano ta kama shi, sai ya ɗauki takardar likita da kwalin maganin ya kai wa Isyaku mai kemis. Isyaku ba mugu ba ne, tausayinsa ne ya fi saninsa yawa. Ya juya kwalin, ya dubi Gwadabe, ya rage murya.

“Subhanallahi, Malam Gwadabe, ashe abin ya kai haka? Wannan ai shi ake ba masu ciwon damuwa. Har a asibitin masu taɓin hankali ana rubuta shi. Allah ya ba da lafiya.”

Gwadabe ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya karɓi maganin bai iya cewa amin ba. Daga ranar ya cusa kwalin cikin wata tsohuwar hula a saman sif, in zai sha sai ya juya wa Indo baya. Shi da ya yi shekara hamsin da ɗoriya ba a taɓa jin kansa da kowa ba, wai yau shi ne ke haɗiyar maganin mahaukata. Haka ya sa wa ransa, kuma kunyar ta hana shi komawa ya tambayi wanda ya rubuta.

Ana cikin haka Muhyiddeen, wani malamin firamare ɗan Utai, ya fito neman 'yarsa Safiyya. Yarinya tana so, yaro yana so, iyayensa mata suka kawo kayan na-gani-ina-so a cikin jaka: atamfa uku, takalmi, turare da sabulai. Saura sa rana. Amma kowa ya san kafin a sa rana dangin miji sai sun yi bincike: su tambayi liman, su tambayi maƙwabta, asali, hali, da ko akwai wani ciwo da ke bin gidan.

A nan Gwadabe ya yi dabarar da ta cuce shi. Ya ce a ransa, in aka zaunar da shi aka ce ya faɗi tsakaninsa da Allah ko akwai mai shan irin wannan magani a gidansa, ba zai iya ƙarya ba, kuma ba zai iya faɗin gaskiya ya jawo wa Safiyya a ce 'yar mai taɓi ce ba. To, in ya daina sha, ai ya huta, ya rantse da gaskiyarsa. Sai ya daina, rana ɗaya, ko Indo bai gaya wa ba.

Bayan kwana uku barci ya ƙaurace masa. Ƙarar ta dawo da ƙarfinta, har ta fi ta da. Ga tashin zuciya, ga jiri, ga faɗa ba gaira ba dalili. A kwana na goma sha ɗaya, ranar Juma'a, kasuwa ta cika, ya kashe inji yana ɗaure bel, sai wani dattijo mai farin gemu ya tsaya a bakin rumfa da 'yar masara a buhu. Dattijon ya yi sallama. Shiru. Ya sake yi. Shiru. Ya yi ta uku da ƙarfi. Gwadabe bai ji ko ɗaya ba, yana can yana bubbuga gefen kansa da tafin hannu, yana gunaguni shi kaɗai. Da ya ɗago ya ga mutum tsaye a kansa, sai ya daka masa tsawa: “Ajiye a layi mana! Ko kai kaɗai ne mai niƙa?” Dattijon ya dube shi, ya ɗauki masararsa ya tafi.

Ranar da aka ce za a zo sa rana ta zo ta wuce, babu ko ɗan aike. Bayan kwana biyar Indo ta dawo daga gidan suna, ta ajiye mayafi ta tsaya a kansa.

“Malam, wane ne ka yi wa tsawa a rumfa ran Juma'a? Alhaji Nu'uman ne, yayan mahaifin Muhyiddeen. Shi aka turo ya ga halinka da idonsa. Me ya same ka ne wai? Kana shan maganinka kuwa?”

Ya sunkuyar da kai ya girgiza shi. Indo ta tafa hannu ta yi salati.

Washegari ya koma Kano. Likitan ya yi masa faɗa sosai, ya sake yi masa bayanin da ya yi tun farko, wannan karon a hankali, yana sa shi yana maimaitawa. Ya ce ko da ciwon damuwar ne ma, ciwo ne kamar hawan jini, ba hauka ba ne. Gwadabe ya koma kan ƙwayarsa. Da ya samu kwana huɗu yana barci, sai ya sa babbar riga, ya jefa kwalin a aljihu, ya hau babur ɗinsa zuwa Utai.

Ya tarar da Alhaji Nu'uman a zaure yana gyaran igiyar shanu. Aka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi damina. Sannan Gwadabe ya zame daga tabarma ya zauna a ƙasa, ya fito da kwalin ya ajiye a tsakaninsu. Ya faɗi komai, tun daga ƙarar har zuwa dalilin daina sha, gumi yana zubo masa ta ƙarƙashin hula. Bai taɓa yin magana mai tsawon wannan a rayuwarsa ba.

Alhaji Nu'uman bai ko taɓa kwalin ba.

“Malam Gwadabe, mu ba mu ji zancen wani magani ba. Babu wanda ya gaya mana, kuma da an gaya mana, da mun tambayi likita, shi ke nan. Kowa ya yabe ka. Ni ne na ce a dakata, don na yi maka sallama uku ka ƙi amsawa, ka kore ni kamar akuya. Na ce ɗanmu ba zai yi suruki da mai wulaƙanta mutane ba. Tashi ka hau tabarma. Ran Lahadi muna nan tafe.”

Ya dawo Wudil da la'asar, kunya da farin ciki sun cakuɗe masa. Yana shigar da babur soro ya ga jakar nan ta na-gani-ina-so a ajiye bakin ƙofa, an ɗaure ta da ɗankwali. Indo tana zaune kan turmi, idonta ya kumbura.

“Safiyya ce ta fito da su,” in ji Indo. “Tun da hantsi ta kira Muhyiddeen ta ce masa ta fasa, wai ta daina son sa. Na tsare ta, sai ta ce ta daɗe da ganin kwalin a cikin hularka tana shara, ta karanta takardar ciki. Ta ce ta san abin da kake gudu. Gara a ce ita ce marar alƙawari, da a zo a zaunar da babanta ana yi masa tambayoyi a gaban mutane.”

Daga cikin ɗaki yana jin shessheƙar yarinyar, tana ta ƙoƙarin danne ta. Wannan kam ya ji ta sarai.

A al'adarmu uba ba ya taɓa kayan nan. Harkar mata ce, ko kallonsu ba ya yi, balle ya ɗauka. Gwadabe ya sunkuya ya ɗauki jakar, ya ɗora a bayan babur, ya ɗaure da roba.

“Malam, me za ka yi? Mutane fa suna zaune a waje!”

“Su gani,” ya ce. “Zan kai wa yaron nan da hannuna, in gaya masa ba ita ta fasa ba, ni ne na jawo. In ya yafe, shi zai dawo mata da su.”

Ya tura babur ya fito. Majalisar ƙofar gida ta yi tsit, kowa ya zuba wa jakar ido. Ya yi musu sallama da ƙarfi, ya tsaya har suka amsa, sannan ya tayar da babur ya kama hanyar Utai.