Furen da Neville Ya Kai Gonar 'Yarsa

Neville Triffitt ya ƙare ƙuruciyarsa a kan tarakta, yana yanke ciyawar gefen titi a kudancin tsibirin Tasmaniya. Ba shi da yawan magana, sai dai kowa ya san shi da tsaftar aiki. Inda ya bi, sai ka rantse aski aka yi wa hanyar.

Erika kuwa wata shuka ce mai fararen furanni da aka kawo don ado. Matan gari suka dasa ta a ƙofar gida, don ita kaɗai ke fure a tsakiyar sanyi. Daga nan ta tsallake shinge ta kama gefen titi. Neville ya yi ta yanke ta, ita kuma tana zuba irinta, mai laushi kamar gari, a cikin injinsa.

Da 'yarsa Maree ta ci bashi ta sayi filin kiwo, ba shi da abin ba ta sai ƙarfinsa. Duk Asabar yakan shiga da taraktar ya share mata fili kyauta, ta ba shi shayi da gurasa. Bai taɓa wanke injin ba. A lokacin wa ke wankewa?

Yau filin fari fat da furen erika. Tumaki ba sa cin erika, ciyawa ba ta fitowa a ƙarƙashinta. An yi feshi, an tuge, an ƙona, ta dawo da 'yan'uwanta. Jami'ar gona ta gaya musu yadda irin ke tafiya a jikin injuna da tayoyi, ba ta ambaci sunan kowa ba. Neville ya gyaɗa kai. Bai ji baƙin ciki ba, bai ji komai ba, kuma har yau haka yake. Kullum da safe yakan je ya durƙusa yana tugewa har yatsunsa su mutu.

Wata safiya Maree ta tsaya a kansa.

"Baba, tashi haka nan. Na sayar da tumakin."

"Duka?"

"Duka. Me za su ci, fure?"

Da babbar mota ta kwashe su za ta fita, Neville ya tare ta a bakin ƙofa riƙe da tiyon ruwa. Direban ya leƙo ya ce, "Dattijo, sauri nake." Neville ya buɗe ruwan. Ya durƙusa ya wanke tayoyin ɗaya bayan ɗaya, tumakin 'yarsa suna kuka a saman kansa.