Kariyar Malam da Ruwan Alwalata

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku. Wannan ba tatsuniya ba ce, a kaina ta faru.

A gidanmu na Wurma, can ƙasar Kurfi, akwai wata kariya kusa da rumbu. Gajeriyar itaciya ce mai gindi kamar tulu, da rani ta zubar da ganye, sannan ta yi fure ja. Malam, mijina, shi ya tono ta cikin duwatsu tun muna da ɗa ɗaya. Shekara da shekaru ba mai ba ta ruwa sai Allah.

Da idonsa ya tafi, babban ɗanmu ya zo ya kwashe mu zuwa Dutsin-Ma. Malam ya ce ba zai shiga mota ba sai da kariyarsa. Aka tono ta. Ni na samo tsohon bokiti, na cika shi da baƙar ƙasa mai laka, na haɗa da takin shanu, yadda nake yi wa kuɓewa. Na ce baƙuwa ce, a karrama ta. Kuma duk alwalar da zan yi, a gindinta nake yi, sau biyar a yini. A ganina ruwa ne mai albarka.

Malam kuwa ba ya karyawa sai an kai shi ya shafa gindinta. In ya ji shi da tauri, sai ya sha kokonsa. Abin da ya rage masa na gida ke nan.

Wata safiya na danna ta, yatsana ya shige kamar cikin ruɓaɓɓiyar kabewa. Na juya bokitin, gefen mai lafiya ya koma inda hannunsa ke sauka. Kwana uku ina juyawa, ruɓar tana zagayowa. Na ƙara mata ruwa, don a sanina shukar da ke mutuwa ƙishi ke kashe ta. Rana ta huɗu na ce masa kunama ta shiga gindin, kada ya taɓa. Bai sha koko ba. Washegari tuwo ya koma yadda aka kawo shi.

Matar ɗana ce ta iske ni ina kuka a bayan ɗaki. Ta sa ni a adaidaita, bokiti a cinyata, har wurin wani dattijo mai sayar da furanni a hanyar jami'a. Ya zare kariyar daga bokitin, ya sunsuna, ya tambayi yadda ake ba ta ruwa. Na faɗa masa.

Ya ce, "Inna, wannan randarta tana cikinta. Ke kika nutsar da ita."

Ya sa wuƙa ya yanke ruɓar har ya kai ga fari, ya gargaɗe mu kada ruwan jikinta ya taɓa ido, dafi ne. Ya shafe ciwon da toka. Ya ce a rataye ta a inuwa kwana bakwai, ba ƙasa, ba ruwa. Bayan nan a dasa ta a tukunyar ƙasa mai huji, cikin yashin rafi da tsakuwa da dakakken gawayi. Ruwa kuwa sai an soka tsinke har ƙasa ya fito a bushe.

Kwanakin nan ba na fatan maƙiyina ya gan su. Ita tana rataye tana yamushewa, shi yana kwance yana ramewa, sai ruwan fura yake kurɓa. Sau biyu na ɗauki buta na nufe ta, matar ɗana ta riƙe mini hannu. Rana ta biyar na kasa. Na durƙusa gabansa na faɗi gaskiya duka, na ja shi, na ɗora hannunsa a kan tabon.

Ya daɗe yana shafawa. Sannan ya ce, "Tun ran da kika fara juya bokiti na ji warinta. Idona ne ya mutu, ba hancina ba. Ke nake jira."

Ya ce a kawo koko. Ludayi uku ya sha.

Malam ya ƙara wata huɗu, yana shafa tabon kullum, sannan Allah ya karɓi abinsa. Bai kai lokacin furenta ba. Kariya ta yi fure biyu rak a ranin da ya biyo. Dattijon nan mai furanni ya tashi daga wurin, ban sake ganinsa ba. Matar ɗana ke riƙe da tsinken, ita ke cewa yau a ba ta ruwa ko a bari. Ni kuwa can bakin magudana nake alwala yanzu, na juya mata baya, don har gobe in na kalle ta hannuna butar yake nema.